Raɗin Suna da Kwalliyar Lamba

Idan aka tambayi mutane abin da garin Minna ya yi suna a kansa, wani zai ce doya, wani ya ce tashar jirgin ƙasa, wani kuma ya ambaci tsofaffin shugabannin ƙasa biyu da garin ya haifa. Mu kuwa malaman makaranta, abin da za mu ce shi ne maki. A nan ne hedikwatar hukumar jarrabawa ta NECO take, wadda aka kafa a shekarar 1999, wadda kuma yara fiye da miliyan ɗaya suke zama jarrabawarta ta kammala sakandare a kowace shekara. A nan kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya take tun shekarar 1983, da harabarta ta Bosso da ta Gidan Kwano a kan hanyar Bida. Ke nan, babu wata rana da za ta fito ta faɗi a garin nan ba tare da an tara wasu lambobi an raba su ba, sannan an fitar da sakamakon a takarda ko a fuskar kwamfuta, sakamakon da zai yanke wa ɗan wani ko 'yar wani hukunci a rayuwa.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa malamin adabi da wannan fage. Amsar ita ce, duk malamin da ya daɗe a sashe sai zagayen aikin tattara sakamakon jarrabawa ya zo kansa, ko da kuwa karin waƙa ya karanta. Da namu zagayen ya zo, muka riƙa zama da wani abokin aiki masanin lissafi, muna kallon yadda yake umurtar kwamfuta da wani nau'in harshe da ake kira harshen jeri. A wannan zama ne muka lura da wani bambanci da ya tsaya mana a rai har yau, wato bambancin da ke tsakanin abin da na'ura ta ajiye a cikinta da abin da ta nuna wa ido. Wannan bambanci muke son mu ɗan tattauna a nan, domin a ganinmu ya shafi ɗalibin Hausa kamar yadda ya shafi ɗalibin injiniya.

Bari mu fara da ma'anar harshen jeri. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar doya ta Paiko ya san dillali ba ya cinikin doya ɗaya-ɗaya da babban mai saye. Ƙwarya ake ciniki, wato guda 100, kamar yadda ake yi a cinikin goro. Idan aka ce ƙwarya ta tashi, to duk doyar da ke cikinta ta tashi gaba ɗaya, ba sai an bi kowace an sanar da ita ba. Haka harshen jeri yake. A galibin harsunan kwamfuta, idan mutum yana da makin ɗalibai 200 yana son ya ƙara wa kowa maki 5, sai ya umurci na'ura ta ɗauki na farko ta ƙara, ta ɗauki na biyu ta ƙara, har ta kai na ƙarshe. A harshen jeri kuwa, makin ajin duka abu guda ne mai suna guda, umurni ɗaya ya wadatar.

Wanda ya assasa wannan tafarki shi ne Kenneth Iverson, mutumin Kanada, wanda ya fara ƙirƙiro alamominsa yana koyarwa a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya koma kamfanin IBM a 1960, sannan ya wallafa littafinsa A Programming Language a 1962. Daga haruffan farko na sunan littafin aka samo sunan harshen, wato APL. An ba shi lambar yabo ta Turing a 1979. Daga wannan tsatso wasu suka biyo. A ƙarshen shekarun 1970 Cleve Moler ya rubuta MATLAB a Jami'ar New Mexico domin ya sauƙaƙa wa ɗalibansa lissafi, kuma shi ne harshen da ɗaliban injiniya da na kimiyya suka fi sabawa da shi a jami'o'inmu. A 1990 Iverson da Roger Hui suka fito da harshen J, a 2006 kuma aka fitar da NumPy, wanda ya kai wannan tsari cikin harshen Python.

To, a cikin waɗannan harsuna akwai ayyuka biyu da mai koyo yakan ɗauka abu ɗaya ne. Na farko shi ne abin da muka ga ya dace mu kira raɗin suna. A APL, mutum zai rubuta:

MAKI ← 62 71 45 58 80

Kibiyar nan tana cewa ne a ɗauki lambobin nan biyar a ajiye su ƙarƙashin sunan MAKI. Daga nan duk inda aka kira MAKI su za su amsa. Idan aka rubuta MAKI + 5, sai na'ura ta fito da 67 76 50 63 85. Abin lura shi ne, lokacin da aka raɗa sunan na'ura ba ta nuna komai ba, shiru ta yi ta ajiye. Sai da aka yi lissafin da ba a ba shi suna ba sannan ta yi magana. A MATLAB kuwa, waƙafi mai ruwa ne ke rufe mata baki: idan ka sa shi a ƙarshen layi ta yi shiru, idan ka bar shi ta nuna maka abin da ta ajiye. Sakamakon da ba ka raɗa wa suna ba kuma ita za ta laƙaba masa nata, wato ans, kuma da zarar wani marar suna ya zo, ya ture na farko ya gaje sunan.

Sai dai wannan suna ya bambanta da sunan yanka. Jaririn da aka raɗa wa suna ranar bakwai da shi zai tsufa. Sunan da ke cikin kwamfuta ya fi kama da sarauta ko muƙami. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 ake cewa Gwamnan Neja, amma wanda ke amsa sunan a 1976 Murtala Nyako ne, a 1979 Awwal Ibrahim, a 1999 Abdulƙadir Kure, a 2007 Mu'azu Babangida Aliyu, a 2015 Abubakar Sani Bello, a 2023 kuma Umaru Bago. Suna ɗaya ne, mai amsa shi ke sauyawa, kuma wanda ya hau ya kawar da wanda ya tarar. Saboda haka ne ake iya rubuta x = x + 1 a MATLAB, maganar da malamin lissafi na firamare zai ja wa jan biro, domin babu lambar da ta yi daidai da kanta a tara da ɗaya. A can ma'anarta ita ce, a ɗauki mai riƙe da sarautar x yanzu, a ƙara masa ɗaya, a naɗa sakamakon a gurbinsa. Idan tambaya ake son yi ko abu biyu daidai suke, sai a ninka alamar a rubuta ==. APL ya tsira daga wannan ruɗani da ya keɓe kibiya domin naɗi, ya bar alamar daidai domin tambaya.

Wani abin da ya faranta mana rai, mu da nahawu ya zame wa abinci, shi ne yadda Iverson ya bayyana harshen J da kalmomin nahawu. Lambobi ya kira su sunaye, ayyuka irin su tarawa da rabawa ya kira su aikatau, akwai kuma bayanau da mahaɗi. Sunan da aka raɗa wa jerin lambobi ya kira shi wakilin suna, alamar raɗawar kuma ya ba ta matsayin da ne da ce suke da shi a Hausa, wato abin da muke koya wa ɗalibai da sunan dirka. Ashe wanda ya iya feɗe jimlar Hausa bai yi nisa da ƙofar wannan ilimi ba.

Aiki na biyu shi ne nunawa, kuma a nan gizo yake saƙar. Na'ura tana ajiye lamba da tsawon da ya kai alƙalumma 15 zuwa 16, amma ba kasafai take baje su duka ba. A MATLAB, idan ka nemi lambar nan ta da'ira da ake kira pi, za ta nuna maka 3.1416. Idan ka ba ta umurnin format long, sai ta nuna 3.141592653589793. Lambar da ke ajiye ba ta motsa ba ko kaɗan, riga kawai aka sauya mata. A APL akwai alama ta musamman, ⍕, wadda aikinta ke nan: idan ka rubuta 6 2 ⍕ X, ka ce ne a nuna X a fili mai faɗin gurbi 6, da gurbi 2 bayan ɗigo. Abin da zai fito rubutu ne da aka tsara domin ido, X kuwa yana nan a ma'ajinsa yadda yake. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wajen wannan na'ura karin maganar bai cika aiki ba, domin fuskarta abin da aka ce ta nuna take nunawa.

Yanzu mu kawo maganar gida. A jami'o'in da ke bin ma'auni mai hawa 5, ɗalibi yana samun daraja ta ɗaya ne idan matsakaicin makinsa, wanda ɗalibai ke kira CGPA, ya kai 4.50. Mu ƙaddara wata ɗaliba ta tara maki 562 a kan yunit 125. Idan aka raba, 4.496 ne. Wanda ya tsara takardar sakamako ya umurci na'ura ta nuna gurbi 2 bayan ɗigo, domin haka takarda ta fi kyan gani, don haka 4.50 zai fito a gaban sunanta. Amma a ginshiƙin da ke gefe, inda ake rubuta daraja, tambayar da aka yi wa na'ura ita ce ko lambar ta kai 4.5, ita kuma da lambar da ke cikinta take amsawa, sai ta ce ba ta kai ba. Ga layi ɗaya, a takarda ɗaya, yana cewa 4.50 yana kuma cewa daraja ta biyu. Na'ura ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Tambayoyi biyu aka yi mata ta amsa kowace daidai, sai dai mai kallon takardar ya zaci tambaya ɗaya ce.

Duk wanda ya taɓa zama a taron tantance sakamako ya san irin zafin da muhawara kan irin wannan layi take ɗauka. Wani ya ce abin da ido ya gani shi ne hukunci, wani ya ce 4.496 bai kai 4.5 ba ko da za a kwana ana kallonsa. Kowannensu yana da hujja, kuma a bayan hujjojin akwai yarinyar da darajar nan za ta iya buɗe mata ƙofar tallafin karatu ko aikin koyarwa, ko kuma ta rufe. Kashi 4 cikin 1,000 na maki guda ne ya raba ta da abin da ta yi shekaru tana nema. Muna kuma tuna cewa akwai wani a wani sashe da ya sami lambar nan tak, wanda nasu mai tsara takarda ya fara cike lambar ya naɗa ta a matsayin sabon maki kafin ya yi tambaya, shi ya fita da daraja ta ɗaya. Abin da ya raba su bai wuce inda aka sa kibiya ba.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar matsala ce ta malaman makaranta. A zaɓen majalisar jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus, a watan Afrilu na 1992, doka ta ce sai jam'iyya ta sami kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u kafin ta sami kujera. Jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta sami kashi 4.97, amma na'urar da ke fitar da sakamako gurbi 1 take nunawa bayan ɗigo, sai ta buga 5.0. Aka ɗauka sun tsallake, har sai da aka koma ga ainihin ƙuri'un aka ga ba su kai ba. Da aka sake rabon kujeru, jam'iyyar SPD ta sami 45 daga cikin 89, wato rinjayen kujera guda. A nan an ɗauki kwalliya a matsayin ainihi.

Akwai kuma akasin haka, wato a datse lamba sannan a mayar da datsattsiyar cikin ma'aji. A watan Janairu na 1982 kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada ta buɗe wani ma'aunin farashi da ya fara daga 1,000. Sau dubbai a rana ake sabunta shi, kuma a kowane karo sai a yanke duk abin da ya wuce gurbi 3 bayan ɗigo a zubar, a naɗa ragowar a matsayin sabon ma'auni. Abin da ake zubarwa a kowane karo bai taka kara ya karya ba, amma da yayyafi kogi kan cika. Zuwa watan Nuwamba na 1983 ma'aunin yana nuna 524.811, alhali da aka sake lissafi daga tushe 1,098.892 ya kamata ya kasance. Kusan shekara biyu mutane suna kallon lambar da ta zubar da fiye da rabin kanta. Mu ma a ƙasar nan mun san nauyin ɓurɓushin lamba, domin a zaɓen shugaban ƙasa na 1979 sai da Kotun Ƙoli ta zauna a kan ko kashi biyu cikin uku na jihohi 19 shi ne 13, ko kuwa 12 da biyu bisa uku, kafin nasarar Alhaji Shehu Shagari ta tabbata.

To, mene ne namu a ciki, mu mutanen harshe da adabi? Muna ganin mun fi kowa sanin wannan al'amari, sai dai da wani suna muka san shi. Rubutun boko na Hausa da muke amfani da shi kullum datsattsen nuni ne. Ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Idan aka rubuta gari, ido bai san ko garin da ake zama ake nufi ko garin da ake tuƙa tuwo da shi ba. Idan aka rubuta kuka, ba a sani ba ko itaciya ce ko hawaye. A cikin kan Bahaushe kalmomin a rarrabe suke da cikakken sautinsu, takarda ce ta rage musu kaya domin sauƙin rubutu. Duk wanda ya taɓa juyar waƙar baka daga kaset zuwa takarda ya san irin abin da ke zubewa a hanya, tun daga kiɗa da amshi har zuwa inda mawaƙi ya ja numfashi. Muna kuma koya wa ɗalibanmu cewa jigo daban, zubi da tsari daban, amma ta tsari ne mai sauraro yake riskar jigo, don haka wanda ya tsara magana yana da hannu a abin da aka fahimta.

Sai dai akwai inda lamba ta fi kalma haɗari. Bahaushe idan ya ga gari a cikin jimla, maƙwabtan kalmar za su gaya masa wanne ake nufi, ya mayar mata da sautin da takarda ta cire. Wanda ya ga 4.50 kuwa ba shi da maƙwabcin da zai tambaya. Zai yiwu 4.496 ce aka cike, zai yiwu 4.504 ce aka rage, zai yiwu kuma 4.50 ɗin ce cif. Hanyar komawa a rufe take ga kowa, in ban da wanda ma'aji ke hannunsa. Wannan ne ya sa muke ganin tsara lamba domin nunawa amana ce, irin amanar da ke wuyan mai fassara a gaban alƙali, wanda shi kaɗai ya ji harsunan biyu.

Bisa ga haka, abubuwa uku muke roƙo ga duk wanda aikin sarrafa makin mutane ya faɗo hannunsa, ko da APL yake aiki, ko MATLAB, ko kuwa jadawalin Excel da galibinmu muke amfani da shi, domin shi ma yana rage gurbi a fuska ya bar cikakkiyar lamba a ciki. Na farko, a bar lamba da cikarta a ma'aji har zuwa ƙarshen lissafi, kada a datse ta a tsakiyar hanya a sake naɗa ta. Na biyu, hukuma ta yanke tun kafin a ga sunan kowa ko da cikakkiyar lamba za a yi hukunci ko da wadda aka cike, a rubuta wannan a littafin dokokin ɗalibai, ya zama ɗaya ga kowane sashe. Ba mu da ja da ko wanne aka zaɓa, muddin an zaɓe shi ido a rufe game da wanda zai ci moriya. Na uku, lambar da aka yi hukunci da ita ta zama ita ce ake nunawa. Idan da 4.496 aka hana yarinya daraja, to a rubuta mata 4.496 ta gani, ya fi mata sauƙin haƙuri a kan a nuna mata 4.50 sannan a ce ba ta kai ba.

Ga ɗalibanmu na Hausa kuma muna da magana ta daban. Kada ku riƙa ratse ɗakin kwamfuta kuna cewa wannan na 'yan kimiyya ne. Kun riga kun san suna da wakilinsa, kun san aikatau, kun san dirka, kun kuma san cewa abin da ke takarda bai cika ɗauke duk abin da ke baki ba. Da yawa daga cikinku za su zama malamai, wasu jami'an jarrabawa, wasu ma'aikatan hukumomin da ke riƙe da makin yara da albashin ma'aikata da fanshon tsofaffi. Ranar da aka miƙo muku takarda mai jerin lambobi masu gurbi biyu bayan ɗigo, kowace ta yi tsaf a layinta, ku tambayi wanda ya kawo ta ko lambobin nan haka suke a ciki, ko kuwa an yi musu kwalliya ne, sannan ku tambaye shi da wacce aka yanke hukunci. Idan ya iya amsawa, ku sa hannu.